Zanen cocin Kusko: na Turawa ne ko na jikokin Inka?

Tambaya: An nuna mini wani zanen fentin mai da aka kawo daga ƙasar Peru. Budurwa Maryamu ce cikin riga mai faɗi kamar tsauni, an yayyafa mata zinariya, ga tsuntsaye a gefe. Mai shi ya ce "zanen Inka" ne, kuma ya haura shekara 300. Ni dai a idona zanen cocin Turawa ne. Ina hannun 'yan ƙasa a cikinsa, yaya ake yin sa, kuma ta yaya zan bambanta tsoho da sabo?

Amsa: Malam, kai da mai zanen kowa ya kama gefe ɗaya na maganar. Inka, masu daular da ta mulki yankin kafin zuwan Sifaniyawa, ba su taɓa yin zanen fentin mai a kan ƙyalle ba. Gwanintarsu tana wajen saƙa, sassaƙar dutse, ƙirar zinariya da azurfa, da kofunan katako da suke kira kero. Ta nan "zanen Inka" kuskure ne. Amma abin da ka kwatanta salo ne sananne da ake kira makarantar Kusko, kuma mafi yawan hannuwan da suka yi shi daga tsakiyar ƙarni na 17 zuwa ƙarshen na 18 na 'yan ƙasa ne masu jin harshen Kecuwa da 'yan ruwa biyu. Dabarar zane da mai a kan ƙyalle da labarin da aka zana daga Turai suka zo. Idon da ya zaɓi abin da za a ƙawata, shi ne na tsaunukan Andes.

Sojojin Sifaniya sun shiga Kusko, babban birnin daular Inka, a 1533. A 1563 majalisar cocin Katolika da ta zauna a Trento ta tabbatar da amfani da hotuna wajen koyar da addini, ga shi kuwa fada-fadan coci da ke Peru suna gaban miliyoyin mutanen da ba sa jin Sifaniyanci. Sai hoto ya zama allon karatu. Wani ɗan ɗarikar Jesuit daga Italiya, Bernardo Bitti, ya sauka Lima a 1575, ya isa Kusko wajen 1583. Daga gare shi ne dogayen siffofi masu siririyar wuya da sanyin fuska suka samo asali, kuma sun daɗe a yankin bayan Turai ta bar yayinsu.

Sai dai babban malamin masu zanen Kusko takarda ce. Maɗaba'un birnin Antwerp, a Beljiyom ta yau, sun riƙa buga hotunan addini dubbai, ana loda su a jirgi zuwa Amurka ta Kudu. Fada zai miƙa wa mai zane takardar da ba ta fi tafin hannu biyu ba, ya ce a mayar masa da ita zane mai tsawon mita biyu. Ka riƙe wannan, don a kansa duk amsar ta rataya: takardar baƙi da fari ce. Ta faɗi wa ke tsaye, wa ke durƙushe, ina hannu ya nuna. Ba ta faɗi launin riga ba, ba ta faɗi adon da ke jikinta ba, kuma in aka faɗaɗa ta sai a sami fili a sama da gefe da ba kowa a ciki. Coci tana sa ido sosai a kan abin da takardar ta faɗa. Abin da ta yi shiru a kai ya zama rabon mai zane.

Diego Quispe Tito, wanda aka haifa a 1611 a unguwar San Sebastian da ke gefen Kusko, shi ne misali mafi kyau. A 1681, shekarar rasuwarsa, ya yi jerin zanen burujan sama, kowane buruji haɗe da wani labari na Linjila, yana bin takardun da Adriaen Collaert ya sassaƙa. Tara daga ciki suna babban cocin Kusko har yau. Gidajen da kogunan na arewacin Turai ne, ƙasar da bai taɓa takawa ba, amma shi ne ya saba cika bishiyoyi da sararin sama da tsuntsaye masu launi, kuma masu zanen bayansa suka gaje shi. Tsuntsayen da ka gani a gefen zanen nan jikokin nasa ne. A wurin mutanen Andes gashin tsuntsu kayan sarauta da ibada ne, ana saƙa shi cikin tufafin manya.

Abu biyu suka buɗe wa 'yan ƙasa kasuwa. Girgizar ƙasa ta 31 ga Maris 1650 ta rushe yawancin coci-cocin birnin, aka sake gina su, kowane bango yana jiran zane. Sannan Bishop Manuel de Mollinedo, wanda ya zo daga Madrid a 1673, ya zuba kuɗi a aikin, kuma babban mai zanensa Basilio de Santa Cruz Pumacallao ɗan ƙasa ne. Wajen 1688 rikici ya raba ƙungiyar masu zanen birnin, 'yan ƙasa suka fice suka bar Sifaniyawa. Daga nan dokokin ƙungiya a kan ma'aunin jiki da nisan gani suka sassauta, salon da kake gani ya fito sosai: fili shimfiɗaɗɗe, inuwa kaɗan, fuskoki masu kama da juna, ja da shuɗi da zinariya.

Yanzu ka matsa kusa da rigar. A wurin Inka, saƙa mai laushi da ake kira kumbi ta fi zinariya daraja. Sarki yana ba da ita kyauta don ɗaure amana, ana ƙona ta hadaya, ana tufatar da abubuwan bauta da ita. Mutumin da ya tashi a wannan al'ada, in ya ga abu mai tsarki, tufarsa yake fara dubawa. Shi ya sa a zanen Kusko fuska da hannuwa 'yan ƙanana ne, riga ta cinye kusan duk ƙyallen. Adon zinariyar da ke kanta ana kiran sa brocateado. Ka duba inda rigar ta naɗe: furen zinariyar ba ya lanƙwasa da naɗin, yana zaune sambal a bisa, kamar an buga hatimi. Bature ɗan makaranta zai kira wannan kuskure. Ba kuskure ba ne, domin mai yin sa yana son furen ya fito cikakke kamar yadda yake a masaƙa, kuma ya kama hasken kyandir a coci mai duhu. Zinariya ma tana da tsohuwar ma'ana: ƙarfen rana ce, ita ta lulluɓe bangon Korikanca, ɗakin bautar rana da aka gina gidan ɗarikar Dominikan a kansa.

Maganar riga mai siffar tsauni tana son taka-tsantsan. Za ka ji ana cewa Pacamama ce, uwar ƙasa ta mutanen Andes, aka ɓoye a cikin Maryamu. Asalin siffar ya fi haka sauƙi: zanen ba na mace mai rai ba ne, na mutum-mutumin da ke kan bagade ne, wanda ake sa wa alkyabba mai tauri da ke buɗewa ƙasa, kuma a Sifaniya ma haka ake tufatar da su. In ka ga labule a gefe biyu, da kyandirori ko tukwanen fure a ƙasa, to bagade aka zana. Amma akwai inda haɗin ya fito ƙarara. A gidan buga kuɗi na Potosi, a Boliviya, akwai zanen ƙarni na 18 inda fuskar Maryamu da hannuwanta suka fito daga jikin tsaunin azurfa na garin, tsaunin ne rigarta, ga hanyoyi da mahaƙa a kansa. A ganina siffar daga Sifaniya ta zo, amma ta sami mutanen da tuntuni suke girmama tsaunuka, shi ya sa ta yi saiwa a can fiye da inda ta fito.

Wasu wuraren ba sa buƙatar tafsiri. A Jibin Ƙarshe da Marcos Zapata ya zana wajen 1753 a babban cocin Kusko, abin da ke kan akushi a gaban Yesu gasasshiyar dabbar ƙasar ce, yawanci ana cewa ɓeran Masar ne, abincin biki a Andes. Akwai zanen Maryamu tana yarinya tana kaɗi, mayafinta maƙale da allurar ƙirji irin ta 'ya'yan sarautar Inka. Akwai mala'iku sanye da kayan fadawan Sifaniya, hannun riga kumbura-kumbura, hula da gashin tsuntsu, kowanne riƙe da bindigar toka. Jerin da ya fi shahara yana cocin Kalamarka a Boliviya, wani yana Ukiya a arewacin Ajantina. Tsayuwarsu daga littafin atisayen soja na Jacob de Gheyn na 1607 aka ɗauko ta, amma 'yan ƙasa sun kira bindiga illapa, sunan ubangijin tsawa nasu. Mahukunta ma sun san hoto yana magana da harshe biyu. Mollinedo ya sa a cire jan tuntun sarautar Inka daga goshin siffar Yesu yana yaro a wasu coci-cocin ƙauye, kuma bayan an kama Tupac Amaru na biyu, jagoran tawayen 'yan ƙasa, a 1781, an ba da umarnin a kawar da hotunan sarakunan Inka, aka hana tufafinsu.

Sai yadda ake yin sa, wanda shi ne kuma zai taimake ka wajen gane tsoho.

Lilin na Turai yana da tsada, don haka sau da yawa ana amfani da saƙar auduga ta gida, ko ƙyallen da aka ƙunso kaya da shi. Masaƙar ba ta da faɗi, sai a ɗinka ƙyalle biyu ko uku. Ana ɗaure shi a katako, a shafe shi da gam na fata, wanda ake dafawa daga guntayen fata. Mai yi a yau yakan jiƙa awo 1 na busasshen gam a awo 10 zuwa 12 na ruwa ya kwana, ya ɗumama shi a cikin wani ruwan zafi kada ya wuce digiri 60. In ya tafasa, ƙarfinsa ya mutu. In ya yi kauri, zai ja fentin ya tsattsage in iska ta bushe. In ya yi ruwa-ruwa, mai zai ratsa ya ci zaren, bayan shekaru ƙyallen ya yi rauni kamar busasshen ganye. A kan gam ɗin ake shimfiɗa share fage na jar ƙasa ko ƙasa-ƙasa, wani lokaci da alli, siriri ƙwarai har ana ganin idon saƙa. Wannan jan fage shi ke ba zanen ɗuminsa, kuma mai gaggawa yakan bar shi ya zama inuwa ba tare da ya ƙara fenti ba. Gaggawar kuwa gaskiya ce: akwai yarjejeniyar 1754 da mai zane Mauricio García ya shiga ta kawo zane 435 cikin wata bakwai, wato kusan biyu a rana. Aikin rumfa ne. Wani yana fitar da siffa, wani fuska da hannu, wani fure da tsuntsu, mai zinariya ya zo ƙarshe.

Launukan garin ma'adinai ne da na tsiro, ana niƙa su da man 'ya'yan lilin a kan dutse. Fari na dalma ne. Ja mai haske daga dutsen zaiba na Huancavelica da ke Peru yake, ma'adinin da mutanen ƙasar suke shafa wa fuska tun kafin zuwan Sifaniyawa, kuma ramin da aikin tilas ya ci rayukan jikokinsu a cikinsa don a tace azurfar Potosi. Ja mai duhu daga wani ƙwaro ne da ke rayuwa a kan tsiro mai ƙaya, wanda masaƙan Andes suka daɗe suna rini da shi. Sai an tara wajen ƙwaro 70,000 kafin a sami abin da bai kai rabin kilo ba. Ana dafa shi, a kama launin da alif, a shafa shi siriri a kan jan zaiba don riga ta yi zurfi. Shuɗi kuwa ko baba, ko dutsen jan ƙarfe mai shuɗi, ko garin gilashi da ake kawowa daga Turai. Rawaya daga wani dutse mai guba ne, kuma in aka haɗa shi da baba sai a sami kore. Doka ɗaya ba ta canzawa: shafin ƙasa mai ƙarancin mai, na sama mai yawan mai. In aka juya, na sama ya riga na ƙasa bushewa, ya dare.

Kowane launi yana da irin tsufansa. Jan ƙwaro yana kodewa a haske, sai ka ga rigar ta koma ruwan hoda, amma bakin da firam ya rufe yana nan ja wur. Shuɗin gilashi yana komawa toka-toka. Koren jan ƙarfe yana komawa ƙasa-ƙasa, shi ya sa bishiyoyin tsoffin zanen suke kamar na rani. Jan zaiba yakan yi baƙi-baƙi a wasu wurare.

Zinariya ita ce aikin ƙarshe, bayan fenti ya bushe sarai. Ana zana furen da wani mai mai danƙo, da siririn buroshi ko ta cikin takardar da aka huda da siffar furen, a jira ya sha iska. Na zamani ana sayar da shi da alamar awa 3 ko 12 ko 24. Gwajinsa da bayan yatsa ne: ya ɗan kama gashi, ya yi 'yar ƙara, amma kada ya bar jiƙa. Sai a ɗora ganyen zinariya, wanda kaurinsa kusan kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita ne, a danna da auduga, a share ragowar da buroshi mai laushi. In an ɗora da wuri, man ya haɗiye ganyen, ya dushe ya yamutse. In an makara, ba ya kamawa. In fentin ƙasa bai gama bushewa ba, zinariya ta manne ko'ina, furen ya ɓace. Banish ba ya hawa sai bayan wata 6 zuwa 12.

To, tsoho ne ko sabo? Ka fara da sanin cewa har gobe ana yin wannan zane a Kusko, musamman a unguwar San Blas, kuma sana'a ce ta halal in an sayar da shi a matsayin sabo. Mafi yawan abin da ke yawo a kasuwa irin wannan ne. Ka juya bayansa tukuna. Saƙar hannu zarenta ba ɗaya ba ne, wani kauri wani siriri, da ƙulli nan da can, kuma sau da yawa da ɗinki. Saƙar inji sumul take. Farin share fage da ya leƙo a baki, da ƙusar inji, alamun sabo ne. Duhun bayan tsohon ƙyalle ya shiga cikin zaren, kuma inda katako ya rufe ya fi haske. Na jabu an shafa masa shayi ko kwalta, yana da tabon buroshi, wani lokaci har da wari. A gaba, tsagar gaske tana ratsa fenti har fage, bakinta ya ɗan ɗaga, kuma tana bin tarihin zanen. Da yawa an naɗe su an ɗora wa alfadarai zuwa Potosi da Lima da Santiyago, sai su sami tsaga a jere ta gefe ɗaya. Tsagar da aka ja da allura ko aka gasa a tanda iri ɗaya ce ko'ina. Zinariyar gaske ba ta tsatsa, sai dai ta goge a ga abin da ke ƙarƙashinta. Ganyen tagulla na kwaikwayo yana yin kore ko baƙi.

Ido yana iya cewa "sabo ne", amma ba ya isa ya ce "tsoho ne". Wannan sai ɗakin bincike. A ƙarƙashin fitilar da ake duba kuɗin jabu da irinta, tsohon banish yana ba da haske kore-kore, gyaran baya-bayan nan ya fito baƙi. Na'urar da ke karanta ma'adinan fenti ba tare da an taɓa shi ba ita ke yanke hukunci. Farin titaniyom bai shiga kasuwa ba sai wajen 1920, farin zinki a fentin mai sai tsakiyar ƙarni na 19, shuɗin Farusiya kuwa a farkon ƙarni na 18 aka ƙirƙiro shi a birnin Balin na Jamus. In aka sami titaniyom a asalin fentin, ba a wurin gyara ba, zancen shekara 300 ya ƙare. In aka sami shuɗin Farusiya, ba zai zama na zamanin Quispe Tito ba.

In kuma ya tabbata tsoho ne, ka ƙara yin hattara. Dokar Peru mai lamba 28296 ta 2004 ta hana fitar da irin waɗannan kayan tarihi, sai na ɗan lokaci da izinin hukuma, kamar don nuni, kuma an sha yanke zane daga firam da reza a coci-cocin ƙauyukan Peru da Boliviya. Bakin ƙyalle da aka yanke sabo, fenti ya kai har gaɓa, babbar alamar tambaya ce. Ka nemi takardun da ke nuna hannuwan da ya bi da lokacin da ya bar ƙasar. Sabon zane ma akwai takardar da ma'aikatar al'adun Peru ke bayarwa mai shaida cewa ba kayan tarihi ba ne. Tsohon da ba shi da takarda, kada ka saya komai arharsa, domin wata al'umma ce aka raba da abin da take durƙusawa a gabansa.

Ko tsoho ko sabo, in zai zauna a ƙasarmu, babban abokin gabarsa sauyin iska ne. Zanen mai yana son laimar iska tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100. Da hunturu takan sauka ƙasa da kashi 20 a arewa, da damina ta haura 80. Gam ɗin fata yana kumbura yana tsukewa, fenti ya rasa abin riƙewa ya fara ɓarewa. Ka rataye shi a bangon cikin gida, nesa da taga da kicin da bakin na'urar sanyaya ɗaki, ka rufe bayan firam da kwali mai kauri, ka bar ɗan rata tsakaninsa da bango. Hayaƙin turare da kyandir yana manne wa banish. Kada ruwa ko mai ko sabulu su taɓa shi. Ƙura da busasshen buroshi mai laushi ake share ta, shi ma sai in babu inda fenti ya ɗaga. In ya ɗaga, ka kwantar da zanen fuska sama, ka adana ɓarɓashin a ambulan, ka nemi mai gyaran zane na gidan tarihi. In tafiya ta tilasta a naɗe shi, a naɗe a kan bututu mai faɗin aƙalla santimita 20, fentin yana waje, don in yana ciki matsewa zai yi ya karye.